BABI NA UKU: KOYAR DA ƘANANAN YARA GANE MANUFAR MARUBUCI

3.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayanin yadda yaro ke koyon haɗa baƙi da wasali har ya kai ga karanta jimla. Wannan babi kuwa ya duƙufa ne a kan matakin da ke biye da wancan, wanda sau da yawa ba a ba shi kulawar da ta kamata, wato koya wa yaro gane dalilin da ya sa aka rubuta abin da yake karantawa. Yaran da ake magana a kansu su ne na aji ɗaya zuwa aji uku na firamare, 'yan shekara shida zuwa tara, waɗanda Hausa ce harshensu na gida. Azuzuwan farko na firamare su ne Tsarin Ilimi na Ƙasa na shekarar 1977 ya tanadi a koyar da yaro a cikinsu da harshen uwa ko kuma harshen da ya fi rinjaye a yankinsa.

3.1 Manufa da Jigo

A fagen nazarin adabin Hausa an saba bayyana jigo da cewa shi ne saƙo ko manufar da marubuci yake son isarwa. Wannan ma'ana tana biyan buƙatar ɗalibin sakandare ko na jami'a. Amma ga malamin da ke tsaye gaban 'yan aji biyu, ya fi amfani a raba kalmomin biyu. Jigo shi ne abin da rubutu yake magana a kai. Manufa kuwa ita ce abin da marubucin yake so ya faru ga mai karatu bayan ya gama karantawa: ya yi dariya ne, ko ya san wani abu da bai sani ba, ko ya daina wata ɗabi'a, ko kuwa ya ciro kuɗi ya sayi wani abu.

Alal misali, ana iya samun rubutu biyu da jigonsu ɗaya, wato sabulu. Na farko yana cikin littafin kiwon lafiya, na biyu kuma yana manne a bangon kanti. Yaron da aka tambaye shi abin da suke magana a kai zai ce sabulu, kuma ya yi daidai. Amma bai gama fahimtarsu ba sai ya gane cewa mai na farko yana so hannunsa ya tsabtata ne, mai na biyu kuwa yana so hajarsa ta ƙare.

3.2 Abin da Yaro ya Zo da Shi Daga Gida

Kuskure ne a ɗauka cewa yaro yana shigowa aji ne ba tare da sanin komai game da manufar magana ba. Ɗan Bahaushe mai shekara shida ya riga ya ƙware wajen rarrabe maganganun baka bisa dalilin da ya sa ake yin su, ko da yake ba zai iya faɗin sunayensu ba. Da zarar kakarsa ta ce "Ga ta nan, ga ta nanku", ya san abin da zai biyo baya ba da gaske ya faru ba, don haka ba zai fita tsakar gida neman Gizo da Ƙoƙi ba. Idan ta rufe da "Ƙurunƙus", ya san an dawo duniyar gaskiya. Idan ya ji mai shela yana zagaya unguwa da saƙon mai unguwa, ya san magana ce ta a ji a kiyaye. Idan ya ji yarinya mai tallar ƙosai tana yabon ƙosanta, ya san ba za ta taɓa cewa na jiya ne ba. Haka kuma ya san bambancin muryar mai wa'azi da ta maroƙi, ko da kuwa su biyun sunan mutum ɗaya suka ambata.

Abin da ya taimake shi a duk waɗannan shi ne yana ganin mai maganar, yana jin muryarsa, ya kuma san wuri da lokacin da ake yin ta. Rubutu kuwa ya ɗauke masa waɗannan alamu gaba ɗaya. Baƙaƙen da aka buga tatsuniya da su, da su aka buga sanarwa, da su kuma aka buga talla. Ke nan aikin malami bai wuce ya ɗauko sanin da yaro yake da shi game da magana ya ɗora masa shi a kan takarda ba.

Akwai kuma wani abu da ya shafi yaran ƙasar Hausa musamman. Mafi yawansu rubutun da suka fara haɗuwa da shi shi ne na makarantar allo, wato Alƙur'ani mai girma, wanda ba maganar mutum ba ce, kuma ba a yi masa irin tambayoyin da wannan babi yake magana a kansu. Girmamawar da yaro ya koya a can takan bi shi zuwa ga duk wata takarda mai rubutu, har ya riƙa ganin cewa duk abin da aka buga gaskiya ne. Wajibi ne malami ya bayyana wa yara tun farko cewa darasin ya shafi rubutun mutane ne kawai, waɗanda suke iya faɗin gaskiya, suke iya yin kuskure, suke kuma iya rubutu don biyan buƙatar kansu.

3.3 Littafi Mutum ne ya Rubuta Shi

Ba za a tambayi yaro dalilin marubuci ba alhali bai san akwai marubucin ba. Yara da yawa suna ɗaukar littafin karatu tamkar allo ko benci, wato kayan makaranta da aka tarar. Saboda haka matakin farko shi ne malami ya riƙa nuna bangon littafi kafin ya buɗe shi, ya karanta sunan wanda ya rubuta, ya kuma faɗi ɗan abin da ya sani game da shi. Idan Ruwan Bagaja ne, sai ya ce wani malamin makaranta ne mai suna Abubakar Imam ya rubuta shi yana saurayi, lokacin da yake koyarwa a Katsina, ya shigar da shi gasar da Hukumar Talifi ta Zariya ta shirya a 1933. Jimla biyu irin waɗannan sun isa su mayar da littafin maganar wani mutum.

Hanya ta biyu, wadda ta fi wannan tasiri, ita ce a mai da yaran su kansu marubuta. Yaro ya faɗi jimla, malami ya rubuta ta a allo, ya sa sunan yaron a ƙarƙashinta. Sannan ya tambaye shi a gaban 'yan'uwansa me ya sa ya faɗi haka. Wani zai ce don a yi dariya, wani zai ce don a san akuyarsu ta haihu. A nan yara suke gani da idonsu cewa rubutun da ke allo daga bakin wani ya fito, kuma da dalili ya fito.

3.4 Rabe-raben Manufa

A makarantun Amurka an saba raba manufar marubuci gida uku domin ƙananan yara: jan ra'ayi, ilimantarwa da nishaɗantarwa. Ma'aunin karatu na bai-ɗaya da jihohi da dama na ƙasar suka karɓa daga 2010 ya buƙaci ɗan ajin share fage ya iya faɗin sunan marubuci da na mai zane da aikin kowannensu, ɗan aji biyu kuma ya iya gano babbar manufar rubutun da ya karanta. Wannan rabo yana da sauƙin riƙewa, kuma babu laifi a fara da shi. Sai dai idan aka auna shi da rubutaccen adabin Hausa za a ga bai rufe ko'ina ba.

Da farko dai, babban kaso na adabin Hausa an yi shi ne don faɗakarwa da gargaɗi. Waƙoƙin Nana Asma'u, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, an tsara su ne domin jajis su haddace su kai wa matan karkara, su koyar da su addini su kuma gyara halayensu. Waƙar Giya ta Mu'azu Haɗeja da Waƙar Bidi'a ta Sa'adu Zungur duk nufinsu a bar wani abu da mawaƙin yake ganin ɓarna ne. Ana iya cusa waɗannan ƙarƙashin jan ra'ayi, amma yin haka zai haɗa mai wa'azi da mai talla a ɗaki ɗaya, alhali yaro da kansa ya san ba ɗaya suke ba. Mai faɗakarwa yana neman amfanin mai sauraro ne, mai talla kuwa amfanin kansa yake nema. Wannan bambanci shi ne mafi muhimmanci da ya kamata yaro ya riƙe, rabon gida uku kuwa ya shafe shi. Don haka wannan bincike yana ganin ya fi dacewa a raba jan ra'ayi gida biyu, a kira ɗaya faɗakarwa, ɗayan kuma talla, a samu huɗu ke nan.

Na biyu, da wuya a sami littafin Hausa na yara da ya tsaya a kan manufa ɗaya. Wasan Marafa na Abubakar Tunau wasan kwaikwayo ne da ake jin daɗin kallonsa, amma an rubuta shi ne don koyar da tsabta. Littattafan Tatsuniyoyi da Wasanni na Ibrahim Yaro Yahaya suna nishaɗantar da yaro, suna koya masa karatu, sun kuma adana al'adar da ake tsoron ta ɓace. Ko jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fitowa a Janairun 1939, sunanta kaɗai ya haɗa abu biyu: alkawarin ba da labari na gaskiya, da kuma kiran mai karatu ya ciro kwabonsa. Malamin da ya tilasta wa yaro ya zaɓi amsa ɗaya tak a irin waɗannan, ya kuma soke sauran da jan biro, yana koya masa abin da ba haka yake ba. Abin da ya fi shi ne a tambaye shi wace manufa ce ta fi ƙarfi, da kuma inda ya gan ta.

Ya kamata a ƙara da cewa ba lallai ne a fara da waɗannan manyan kalmomi ba. Ɗan aji ɗaya ba ya buƙatar kalmar "nishaɗantarwa". Ya isa ya ce "don mu ji daɗi", "don mu sani", "don mu gyara", "don mu saya". Sunayen za su zo daga baya.

3.5 Misalin Darasi a Aji Biyu

Hanyar da ta fi fito da manufa fili ita ce a kawo rubutu da yawa a kan abu ɗaya. Idan jigo bai canja ba, abin da ya rage yaro ya lura da shi shi ne dalili. Ga misalin da aka tsara domin wannan babi, wanda malami zai iya rubutawa a allo ba tare da ya nemi littafi ba. Jigonsa sauro ne.

Na ɗaya: "Sauro yana yin ƙwai a ruwan da ya kwanta. Macen sauro ce take cizo. Cizonta yana kawo zazzaɓi."

Na biyu: "Wata rana Sauro ya je wurin Kunne ya ce yana son aurenta. Kunne ta dube shi ta fashe da dariya, ta ce da waɗannan ƙafafun?"

Na uku: "Yara, ku zubar da ruwan da ya taru a gwangwani. Kada ku kwanta a waje ba gidan sauro."

Na huɗu: "Ga maganin sauro wanda babu kamarsa! Kunna ɗaya, barci har safe. Saya yau kafin ya ƙare."

Malami zai karanta kowanne da murya ɗaya, ba tare da ya canja ta ba, domin kada muryarsa ta ba da amsa. Sannan ya soma tambaya daga abin da yara suka sani: wa kuka taɓa ji yana irin wannan magana, kuma a ina? Tattaunawar tana iya tafiya kamar haka:

Malama: Na huɗun nan, wa yake magana haka?
Yaro: Malama, mai shago ne.
Malama: Ta yaya ka sani, bayan ba a rubuta shago ba?
Yaro: Ai ya ce a saya.
Malama: To, da ya ce babu kamarsa, ya gwada sauran ne?
Yarinya: A'a Malama, so yake nasa ya ƙare.

Tambayar "ta yaya ka sani" ita ce ginshiƙin darasin. Ba tare da ita ba, yara za su riƙa cankar amsa ne kamar a wasan kacici-kacici. Da ita kuwa za su koma kan rubutun su nuna kalmar da yatsa. Sannu a hankali za su tara alamu da kansu: "wata rana" da dabbar da ke magana suna nuna labari, "ku yi" da "kada ku yi" suna nuna faɗakarwa, yabon da ya wuce kima da gaggautawa suna nuna talla, bayani kuwa yakan zo a kwance ba tare da ya nemi komai ba.

Rubutu na uku da na huɗu su ne suka fi cancantar a daɗe a kansu, domin dukansu suna umurni, kuma dukansu suna da'awar kare yaro daga sauro. Tambayar da ke raba su ita ce: idan ka yi abin da aka ce, wa zai amfana? Bai kamata malami ya yi mamaki ba idan wasu yara suka kasa wannan a karon farko. Rahoton da Ƙungiyar Masana Halayyar Ɗan Adam ta Amurka ta fitar a 2004 game da talla da yara ya nuna cewa yaran da ba su kai shekara takwas ba galibi ba su gama gane niyyar mai talla ba, sukan ɗauki maganarsa a matsayin bayani na gaskiya. Ke nan a aji ɗaya ya isa yaro ya raba labari da bayani. Raba faɗakarwa da talla aiki ne na ƙarshen aji biyu da aji uku. Ana iya hasashen cewa yarinyar da ta saba ɗaukar talla za ta riga sa'o'inta gane wannan, tun da ita kanta ta san abin da take nufi idan ta yabi kayanta, kuma malami mai basira zai ba ta dama ta yi wa aji bayani.

3.6 Mai Ba da Labari da Marubuci

A aji uku ana iya ƙara wani mataki, kuma adabin Hausa yana da littafin da ya dace da shi ƙwarai, wato Magana Jari Ce na Abubakar Imam, wanda aka buga juzu'insa uku tsakanin 1937 da 1939. A littafi na ɗaya, Sarki Abdurrahman ya tafi yaƙi ya bar ɗansa Musa a gida, Waziri kuma yana ƙulla makircin da zai hallaka yaron idan ya fita. Duk lokacin da Musa ya yi shirin bin bayan mayaƙa, sai aku ya tsare shi da labari har gari ya waye. Labaran suna da ban dariya, Musa kuma yana jin daɗinsu, amma ba don jin daɗinsa aku yake ba da su ba. Yana yi ne don ya hana shi fita.

Da wuya a sami misalin da ya fi wannan sauƙi ga yaro. Malami zai karanta wa aji labari ɗaya daga ciki tare da abin da ya gabace shi, sannan ya tambaya me ya sa aku ya ba da labarin. Yara za su gano amsar ba tare da wahala ba, domin sun san Musa na cikin haɗari. Daga nan sai ya ɗaga littafin ya ce, to shi kuma wanda ya rubuta aku da Musa da Waziri duka, me yake so? A nan malami zai iya sanar da su cewa an rubuta littafin ne domin ya zama abin karantawa a makarantu, a lokacin da littattafan Hausa na boko ba su da yawa. Ke nan aku ya riƙe Musa da labari don kada ya fita, Imam kuma ya riƙe ɗalibi da labari don kada ya ajiye karatu. Yaron da ya kama wannan ya gane cewa magana tana iya zama da daɗi a sama, da wata buƙata a ƙarƙashi, kuma buƙatar ba lallai ne ta zama mummuna ba.

Ruwan Bagaja yana da nasa amfanin a nan, sai dai yana buƙatar kulawa. Sunan mai ba da labarin Alhaji Imam, sunan marubucin kuma Abubakar Imam, don haka yara sukan ɗauka marubucin ne da kansa ya yi ta faɗi-tashi da Malam Zurƙe. Gyara wannan ruɗani darasi ne mai zaman kansa: wanda yake cewa "ni" a cikin labari ba lallai ne ya zama wanda ya riƙe alƙalami ba.

3.7 Auna Fahimta da Matsalolin Aji

Tambayar jarrabawa mai zaɓi huɗu ba ta isa auna wannan fasaha ba, domin yaro yana iya dacewa da amsa bisa sa'a. Hanyar da ta fi ita ce a ba shi jigo ɗaya, kamar mangwaro, a ce ya faɗi ko ya rubuta jimla biyu, ɗaya kamar mai sayar da shi, ɗaya kuma kamar uwar da take hana cin ɗanyensa. Wanda ya iya sarrafa manufa da bakinsa, to ya gane ta. Ana kuma iya karanta jimlolin wani yaro ga sauran aji ba tare da an faɗi abin da aka umurce shi ba, su kuma su gano.

Matsalar da za a fara kawowa ita ce ƙarancin littattafai da yawan yara a aji. Gaskiya ne, amma wannan darasi yana daga cikin waɗanda ƙarancin littafi bai cika hana su ba. Kwalin ashana, ledar omo, takardar sanarwar rigakafi, fostar 'yan takara da ta rage a bango bayan zaɓe, da rubutun da ke bayan manyan motoci, duk rubutu ne da wani ya yi da dalili, kuma yara za su iya kawo su daga gida ko su haddace su a hanya. A game da fostar siyasa, ya kamata malami ya kawo na jam'iyyu dabam-dabam tare, ko ya bar su gaba ɗaya, kada darasi ya koma kamfe.

Matsala ta biyu ta fi wuya, domin ta shafi tarbiyya. An horar da yaro a gida kada ya tuhumi maganar babba, wasu iyaye kuma suna iya ganin cewa koya masa tambayar dalilin marubuci koya masa tsaurin ido ne. Amsar wannan ita ce tambayar dalili ba ƙaryatawa ba ce. Yaron da ya gano cewa takardar asibiti an rubuta ta ne don lafiyarsa zai fi riƙe ta da muhimmanci. Haka kuma yaran yau suna jin ana karanta saƙonnin WhatsApp a wayoyin iyayensu da yayyensu, saƙonnin da ba su da sunan marubuci, waɗanda sukan ƙare da roƙon a tura wa mutum goma. Malamin aji uku yana iya kawo irin wannan saƙo, wanda bai shafi addini ko wani mutum ba, ya rubuta shi a allo, ya bar gurbin sunan marubuci a buɗe, sannan ya tambayi yara wa suke tsammani ya rubuta shi, kuma me zai samu idan an tura.